Tsakanin Nescafé ɗin mai shayi da gahawar majalisa: nawa ne ya isa, wanne kuma ya fi?

Tambaya: Wani ɗan'uwa ma'aikaci, ɗan shekara talatin da 'yan kai, ya rubuto cewa kullum da safe yakan tsaya wurin mai shayi a haɗa masa shayi da Nescafé cokali biyu. Da rana a ofis ya kaɗa na leda mai haɗe da madara da sukari, ya ɗan taɓa goro bayan la'asar. Bayan isha'i kuma su zauna a majalisa da abokai a sha gahawa mai citta. Kwanan nan barcinsa ya lalace, wani lokaci gabansa na faɗuwa haka kawai, alhali abokinsa da ya fi shi sha yana kwanciya barci ke kwashe shi. Yana so ya sani ko kofin ne ke cutar da shi, nawa ya kamata ya riƙa sha, kuma tsakanin na gwangwani da gahawa wanne ne na ainihi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma ni ma ina shan gahawa, da hannuna nake soya ta a gida. Saboda haka ba zan ce maka ka daina ba. Abin da na gani a bayaninka shi ne kana sha ba tare da lissafi ba, kuma mafi ƙarfin abin da kake sha ka ajiye shi sai lokacin da jiki ke shirin kwanciya. Bari mu fara da lissafin, domin shi ne zai nuna maka inda matsalar take.

Abin da ke wartsakar da mutum a cikin kofi wani sinadari ne da ake kira kafeyin, ana auna shi da miligiram. Cokalin shayi ɗaya da aka ɗan tula na garin kofi mai narkewa, wato kimanin giram 2, yana ɗauke da kusan miligiram 60. Mai shayi kuwa ba ya shafe cokali, tulawa yake yi, don haka cokali biyunka sun kai 120 ko sun wuce. Ruwan da ya kaɗa maka a ciki ba ruwan banza ba ne, ganyen shayi ne da ya daɗe yana dahuwa a tukunya, shi ma yana da nasa 40 zuwa 50. Ka ga tun kafin ƙarfe takwas na safe ka doshi 170. Na ledar da kake kaɗawa da rana ya ƙara maka kwatankwacin cokali ɗaya. Ga goro, wanda mutane da yawa ba sa sa shi a lissafi ko kaɗan, alhali kafeyin ɗin da ke cikin busasshen goro ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato ya fi na wasu nau'o'in kofin ma. Sannan gahawar dare ta zo ta hau kai.

Akwai kuma waɗanda ke shigowa ta bayan gida. Lemon kwalba baƙi yana da 30 da ɗoriya a gwangwani ɗaya. Lemon ƙara kuzari na gwangwani mai mililita 250 yakan ɗauki 80, manyan robobin kuwa sai ka duba jikinsu. Ko maganin ciwon kai bai tsira ba: kowace ƙwaya ta Panadol Extra tana da miligiram 65, idan ka haɗiyi biyu ka sha 130 ke nan. Nakan ga wanda rashin barci ya sa masa ciwon kai, ya zo ya sayi wannan maganin da daddare, bai san ƙara wa kansa abin da ya hana shi barcin yake yi ba.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta yi nazari a 2015, ta ce babban mutum mai lafiya zai iya shan har miligiram 400 a yini ba tare da fargaba ba, kuma kada abin da zai sha a zama ɗaya ya wuce 200. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ita ma 400 ɗin ta ambata. Mai juna biyu kuwa iyakarta 200 a yini. Amma ka fahimci cewa wannan 400 ɗin rufi ne, ba wai abin da ake so kowa ya cika ba ne. Akwai wanda 150 ke sa hannunsa karkarwa. A lissafin da muka yi, kai kana kan iyakar ne ko ka ɗan tsallake ta a mafi yawan ranaku.

Duk da haka ba yawan ne ya fi damuna ba, lokacin ne. Tun da mutum ya farka da safe, wani sinadari mai suna adinosin ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa sannu a hankali. Yawan taruwarsa shi ke kawo nauyin ido da hamma da daddare, barci kuma shi ke share shi. Kafeyin yana zuwa ne ya zauna a gurbin da adinosin ke kamawa, sai ƙwaƙwalwa ta kasa jin saƙon gajiyar. Gajiyar tana nan, ba ta je ko'ina ba, jin ta ne aka toshe. Kofi ba ya ƙara wa jiki wani ƙarfi daga waje. Da zarar ya sake ka, duk abin da ya taru zai sauko gaba ɗaya, shi ya sa ka ga wanda ya sha mai yawa da safe yana gyangyaɗi bayan azahar.

Kafeyin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa a jini cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, amma fitarsa tana da nawa. Hanta ce ke sarrafa shi, kuma a yawancin mutane sai an yi kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita. A ce ka sha miligiram 200 a majalisa ƙarfe tara na dare. Ƙarfe biyun dare akwai sauran 100 a jininka. Lokacin da ladan zai kira assalatu, abin da ya rage ya fi na cokalin Nescafé guda. To ina barci mai nauyi zai samu wuri? Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya ba mutane miligiram 400 awa 6 kafin su kwanta, aka auna barcinsu da na'ura, aka ga ya ragu da fiye da awa ɗaya. Ka tashi da safe jiki a mace, ka ce wa mai shayi ya ƙara cokali, da rana ka nemi na leda don ka iya ƙarasa aiki, da dare a sake komawa majalisa. Kowace rana tana gadon gajiyar wadda ta gabace ta.

Ba abin mamaki ba ne gahawar dare ta kori barci, don tun asali aikin da aka ɗauke ta ke nan. Shaida mafi daɗewa da ake da ita kan shan gahawa ta fito ne daga Yaman a ƙarni na 15, inda sufaye ke shan ta don su iya raya dare da zikiri. Daga can ta isa Makka da Alƙahira, har a 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya hana shan ta, hanin da bai ɗore ba. Waɗancan bayin Allah sun sha ta ne a daren da suka yi niyyar kwana ido biyu. Kai kuwa kana da ofis ƙarfe takwas.

Game da abokinka, gaskiya ne mutane sun bambanta, kuma bambancin na gado ne. Hantar wani tana kawar da kafeyin cikin awa biyu ko uku, ta wani kuma sai ta kai takwas ko fiye. Haka ma ƙwaƙwalwar wani ta fi ta wani saurin jin sa. Idan abokin naka yana shan taba, hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa fitar da kafeyin da sauri sosai, wannan kuwa ba abin sha'awa ba ne. Kuma saurin kamuwa da barci daban, ingancin barcin daban. Mutum na iya yin barci da kafeyin a jikinsa, amma kason barci mai zurfi, wanda shi ke hutar da jiki, ya ragu bai sani ba. Kada ka auna kanka da shi.

Akwai wani abu da nake so ka riƙe, don a kan teburin aikina nake ganin sa. Wasu magunguna suna rage wa hanta saurin fitar da kafeyin. Babba a cikinsu a wajenmu shi ne ciprofloxacin, wanda ake yawan rubutawa a kan taifot da ciwon mafitsara. Mutum yana kan wannan maganin, ya sha kofin da ya saba, sai ya ji zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, barci ya ƙaurace, ya ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Duk wanda aka ɗora a kansa ya rage kofi da goro har ya gama. Ƙwayoyin tazarar haihuwa su ma suna kusan ninka tsawon zamansa a jikin mace. A watannin ƙarshe na ciki kuwa yakan daɗe ninki biyu zuwa uku, kuma yana ratsawa zuwa ga jariri, shi ya sa aka rage wa masu ciki iyaka. Idan matarka na shan shayi da goro tana da juna biyu, a yi mata wannan lissafin ita ma.

Faɗuwar gaban da kake ji tana iya zama daga nan. Kafeyin mai yawa a zama ɗaya, musamman a cikin da babu komai, yana sa bugun zuciya ya ƙaru, yana kawo fargaba marar dalili, kuma yana ɗaga hawan jini na 'yan awanni. Ga mai ƙwannafi yakan tayar masa da shi. Mutane na cewa kofi na kawo olsa, amma yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Kofi dai yana iya fama wa mai shi. Ka sa wani abu a ciki tukuna, ko burodi da ƙwai ne ko ƙosai, kafin ka ɗora kofi a kai.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda a ganina ya fi kafeyin ɗin haɗari a shekaru masu zuwa, wato sukari. Gobe idan ka tsaya wurin mai shayi, ka zuba ido ka ƙirga. Cokali ɗaya na sukari kimanin giram 4 ne idan an shafe, mai shayi kuwa uku ko huɗu yake zubawa a tule, sannan ya tsiyaya madara, wani lokaci ma mai kaurin nan ta gwangwani wadda kusan rabinta sukari ne. Ledar da kake kaɗawa a ofis kuma, juya bayanta ka karanta jerin abin da ke ciki. A ƙa'ida, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Za ka ga sukari ne a gaba, sai garin da ke sa shi fari, wanda galibi ba madara ba ce, man itatuwa ne da sikarin masara, kofin kuwa yana can baya, ɗan kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wato kusan giram 50 ko cokali 12 ga babba, ta ce ma idan an tsaya a rabin haka ya fi. Shayinka na safe da ledar rana da finjalan dare masu zaƙi sun kusa cinye wannan kason tun kafin a zo ga lemo ko fura mai sukari. Bincike da dama da suka bi mutane shekaru masu yawa sun nuna masu shan kofi daidai wa daida ba su fi sauran mutane kamuwa da ciwon sukari ko ciwon hanta ba, har ma sun fi su ƙaranci. Amma wannan magana ce a kan kofi, ba a kan ruwan sukari mai launin kofi ba.

Kada ka yanke sukarin rana ɗaya, ba za ka jure ba. Rage rabin cokali duk mako. Harshe yana sabawa, kuma cikin wata guda abin da kake sha a da zai yi maka zaƙi har ya gundure ka.

Sai tambayarka ta wanne ne na ainihi. Duka biyun kofi ne. Na gwangwani ba na bogi ba ne kamar yadda wasu ke faɗa. A masana'anta ake soya ƙwayar, a niƙa, a dafa da yawa, sannan a busar da ruwan har ya koma gari, kai kuma ka mayar masa da ruwa. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a Siwizalan a 1938, bayan Birazil ta nemi hanyar da za ta adana rarar kofin da ya yi mata yawa. A yankinmu akwai masana'antarsa a Abijan, inda ake sarrafa kofin da manoman Kwaddibuwa ke nomawa. Abin da ya rasa shi ne ƙamshi. Mafi yawan ƙamshin kofi iska ce mai saurin tashi, dahuwa da busarwa kuma suna kore ta. Shi ya sa yake da ɗaci miƙaƙƙe wanda sai an rufe shi da madara.

Ɗacin yana da wani dalilin kuma. Kofin da duniya ke sha iri biyu ne manya. Akwai arabika, wanda asalinsa tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, yana son tudu da sanyi, yana da ƙamshi da ɗan tsami mai daɗi, kafeyin ɗinsa kuma bai cika wuce kashi 1.5 cikin 100 ba. Akwai robusta, ɗan asalin dazuzzukan tsakiya da yammacin Afirka, mai jure zafi da cuta, mai arha, mai ɗaci, kafeyin ɗinsa kusan ninki biyu na arabika. Birazil ce kan gaba a noman kofi a duniya, Biyetnam na biye da ita kuma kusan duk nata robusta ne. A Afirka Habasha ce ta ɗaya, sai Uganda. Yawancin kofi mai narkewa da robusta ake yin sa, don haka cokalinsa ƙarami ne a ido amma ba ƙarami ba ne a jiki.

Gahawa kuma ba iri ɗaya ba ce, kuma bambancin ya shafe ka kai tsaye. Wadda alhazai suka sani a Saudiyya suya kaɗan ake yi wa ƙwayar, ba ta ko yin baƙi, shi ya sa ruwanta yake fitowa rawaya-rawaya. Ana dafa ta da hel, ɗan ƙamshin nan da Turawa ke kira cardamom, wani lokaci da za'afaran ko kanumfari, ba a sa sukari, dabino ne abokin shanta. Ana zuba ta daga butarta da ake kira dalla zuwa ƙaramin finjali, ba a cika shi, idan ka ƙoshi ka ɗan girgiza finjalin mai zubawa ya gane. Ruwa ya fi yawa a cikinta, don haka finjali ɗaya ba shi da nauyi, sai dai ba a tsayawa a ɗaya. Ta Sudan, wadda ake kira jabana, akasin haka ce: a soya ƙwayar har ta yi baƙi ƙirin, a daka a ƙaramin turmi, a tafasa da citta, a tace cikin 'yar butar ƙasa, a sha da sukari mai yawa. Wannan mai kauri ce, kuma daga yadda ka kwatanta, irinta kuke sha a majalisa. A Habasha ma da butar ƙasa ake dafawa, ana zagaye uku a kan gari ɗaya, kowane zagaye ya fi na baya sauƙi. Habashawa suna shanye kusan rabin abin da suke nomawa a gida.

Idan ra'ayina kake so, wanda bai taɓa shan kofin da aka soya aka daka a ranar ba, bai san ɗanɗanon kofi ba tukuna. Kuma yin sa bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗanyar ƙwayar launinta kore ne mai toka-toka, tana da tauri, ba ta da wani ƙamshi. Ka zuba cikin tafin hannu biyu a kasko mai kauri a kan garwashin da ya kwanta, ba mai harshe ba, ka riƙa juyawa ba tsayawa. Da farko za ta koma rawaya, sai ruwan ƙasa, wata siririyar fata ta riƙa saɓulewa tana tashi. Wajen minti takwas zuwa goma za ka ji tana fashewa ƙas-ƙas kamar gugguru, a nan ne ƙamshin gaske ke buɗewa. Mai son ta Saudiyya kafin wannan ƙarar yake saukewa. Ni nakan ƙara minti ɗaya ko biyu bayan ta, lokacin da ƙwayar ta yi ruwan ƙasa sosai amma ba ta fara ƙyalli ba. Idan ka bar ta har ta fara tsatso mai tana hayaƙi mai kauri, ta shiga ta Sudan, ɗan ƙari kaɗan kuma ta ƙone. Ka juye a faifai nan take, ka sheƙe fatar, ka baza ta huce, don in ka bar ta a kasko za ta ci gaba da soyuwa da zafinta.

Wajen haɗawa, giram 60 na gari ga lita ɗaya ta ruwa shi ne ma'aunin da masu sana'ar suka fi yarda da shi, wato kusan babban cokali biyu a shafe ga kofin shayi ɗaya. Idan ruwa ya tafasa ka sauke, ka ba shi kamar rabin minti, ka zuba a kan garin, ka rufe minti huɗu, ka tace. Ka ɗanɗana kafin ka sa komai. In citta kake so, 'yar kaɗan ta isa, kada ta danne kofin. Wani kuskure da ya yaɗu shi ne ɗaukar ɗaci a matsayin ƙarfi. Baƙar suya ba ta ƙara kafeyin, ɗanɗano kawai take sauyawa. Yawan garin da aka zuba da irin ƙwayar su ne ke ƙayyade ƙarfin. Gahawa rawaya ta arabika da aka zuba wa gari da yawa tana iya hana ka barci fiye da baƙa mai ɗaci da aka tsinka.

Abu biyu a taƙaice game da tafasasshiyar gahawa. Akwai wani maiƙo a ƙwayar kofi da ke ɗaga kitsen jini mai cutarwa, takardar tacewa tana riƙe shi, rariya kuwa ba ta riƙewa. Finjali biyu ko uku ba abin damuwa ba ne, amma wanda likita ya ce kitsen jininsa ya hau, ya koma tacewa da takarda ko na gwangwani, wanda kusan ba shi da wannan maiƙon. Na biyu shi ne zafi. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire kofi daga jerin abubuwan da ake zargi, amma ta ce shan kowane abu da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo dajin maƙoshi. Mu kuwa mun saba da kurɓar shayi yana turiri. Ka bari ya ɗan sha iska.

Haka kuma kofi da shayi suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye. Wani bincike na 1983 ya nuna kofi tare da abinci ya rage shi da kashi 39 cikin 100, shayi kuma da kashi 64. Ga namiji lafiyayye wannan ba wani abu ba ne. Ga mace mai ƙarancin jini, ko mai shan maganin ƙarin jini, a raba su da abinci da maganin da tazarar awa biyu.

Idan za ka sayi ƙwaya, ka nemi ɗanya ko wadda aka soya kwanan nan, ka guji garin da aka niƙa aka ƙulla a leda ba ka san tun yaushe ba, don gari yana rasa ƙamshinsa cikin 'yan kwanaki, kuma a gari ne ake iya cuɗa wani abu. Ɗanyar ƙwaya tana yin watanni ba ta lalace ba idan babu laima. Wadda aka soya kuwa ka sa ta a kwalba mai murfi, nesa da rana da kayan yaji, ka soya abin da za ka shanye cikin mako biyu. Ka kuma tambayi ko akwai na gida. Ana noman arabika a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, inda Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya ke da reshe a Kusuku mai aiki a kan kofi da ganyen shayi, ana kuma noma shi a tuddan yammacin Kamaru. Abin yana yi mini ciwo a ce muna da wannan ƙasar noma amma mafi yawanmu gwangwani kaɗai muka sani.

Majalisa kuwa ba zan ce ka bar ta ba, zumunci ne, kuma ba don gahawar kaɗai kake zuwa ba. Ka karɓi finjali ɗaya don kada ka mayar da hannun mai bayarwa, ka tsaya a nan. Ko ka ce a riƙa dafa muku citta da kanumfari da na'ana'a a gefe, ba ganyen shayi a ciki, na tabbata ba kai kaɗai ne za ka koma kanta ba. Gahawar da kake so sosai ka dawo da ita safe ko hantsi, a madadin cokali biyun mai shayi, ba ƙari a kansu ba. In ban da finjalin nan ɗaya, daga azahar zuwa sama ka rufe ƙofar kafeyin, har da goron la'asar. Akwai kuma kofin da aka cire wa kafeyin, wanda abin da ya rage a cikinsa bai cika wuce miligiram 15 a kofin shayi ɗaya ba, yana da amfani ga mai son ɗanɗanon da daddare.

Wajen ragewa ka bi a hankali. Jikin da ya saba, idan aka yanke masa gaba ɗaya, ciwon kai yakan fara cikin awa 12 zuwa 24, ya tsananta a rana ta biyu, ya iya kaiwa mako guda ko fiye, tare da kasala da saurin fushi. Wannan ne ciwon kan da mutane da yawa ke fama da shi a ranakun farko na azumi suna ɗora laifin a kan yunwa. Mai hikima tun tsakiyar Sha'aban yake fara rage cokali. A cikin azumin kuma, in za a sha, bayan buɗa-baki da an ci abinci ya fi dacewa, kaɗan, sai dai in daren tahajjud ne aka yi niyyar raya shi.

Gargaɗi ɗaya da ba zan tsallake ba. Kada ka karɓi kofin da ba a gabanka aka haɗa ba a tasha ko wurin da ba ka sani ba, don akwai masu narka tramadol a ciki, kuma wannan haɗin yana iya kawo farfaɗiya da jaraba mai wuyar fita. Haka ledojin kofi da ake tallata su da sunan ƙarin ƙarfin maza: hukumomin magunguna sun sha gwada irinsu su tarar an ɓoye maganin asibiti a ciki ba a rubuta ba, wanda ke iya faɗar da jinin mai ciwon zuciya ƙasa warwas.

Ka gwada wannan tsarin mako biyu cur, ka riƙa lura da lokacin da barci ke ɗaukar ka da yadda kake tashi. Idan faɗuwar gaban ba ta daina ba bayan haka, ka je asibiti a auna hawan jininka, a duba yawan jininka, a gwada aikin maƙoƙo, a kuma ɗauki hoton bugun zuciya, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo duk suna kawo irin wannan alamar. Idan kuwa ta taɓa zuwa maka da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko jiri kamar za ka faɗi, kada ka jira mako biyun, ka tafi a ranar.